Abin da yarona ya gada a filin ƙwallo

Mahaifinmu ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, har yau tsofaffin garinmu na ba da labarin yadda yake kayar da maza bayan girbi. Da ɗana ya fara tsere wa sa'o'insa a filin ƙwallo, kowa cewa yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ji daɗi ƙwarai. Kuma akwai gaskiya a ciki, domin tsawo da ƙirar jiki da irin tsokar da ke ɗaukar gudu duk akwai hannun gado.

Wata la'asar a watan Afrilu, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, mai horar da su ya sa su zagaya fili ba hutu, ba kurɓar ruwa. Yaron ya durƙusa yana riƙe da cinyoyinsa. Aka ce ragwanta ce. Da na je ɗaukarsa ya ce, "Baba, ƙafafuna ba sa ɗaukata." Da dare fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi.

A asibiti aka auna jininsa, aka ce AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa. Ni da nake tsammanin gwajin sikila na masu shirin aure ne kawai! Likita ta yi mini bayani a natse. AS ba ciwo ba ne, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da shi lafiya lau. Amma in aka haɗa gudu mai tsanani da zafi da ƙishirwa, ƙwayoyin jini kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, tsoka ta fara lalacewa, dattinta ya sauka a ƙoda. Shi ya sa tun 2010 manyan jami'o'in Amurka ke neman wannan gwajin kafin ɗalibi ya shiga wasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne a filayenmu ba wanda ke tambaya. Yaro ya faɗi, a yi masa tsawa.

Bai bar ƙwallo ba, ni ma ban so ya bari ba. Yanzu bayan sallar asuba yake atisaye, da jarkar ruwa a gefen fili, in ya ji cinya ta ɗaure ya zauna. Makon jiya na kai ƙannensa biyu aka ɗebi jininsu.