Dajin da ke kaɗe ganye da rani: wuta ce ke cinye shi, kututture ke dawo da shi

Idan aka yi maganar ceton dazuzzukan ƙasashe masu zafi, hankalin mutane Amazon yake tafiya. Busasshen daji, wanda ke shafe wata uku zuwa shida ko fiye babu ruwan kirki har bishiyoyinsa su zubar da ganye, ba a cika tunawa da shi ba. Alhali shi ya fi shan wuya. A 1988 masanin halittu Daniel Janzen ya nuna cewa irin wannan daji da ya taɓa shimfiɗa a gaɓar tekun Fasifik daga Meziko zuwa Fanama, abin da ya rage cikinsa lafiya lau bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A Kolombiya kusan kashi 8 ne ya saura.

Dalilin a fili yake. Ƙasarsa ta fi ta daji mai yawan ruwa albarka, don ruwa bai wanke sinadarinta ba, kuma sharar gona a cikinsa ba ta da wahala: a sare da rani, a bari ya bushe, a cinna wuta. A yankin Chako na Faraguwai da Ajantina kiwon shanu da noman waken suya ne ke tura dajin baya. A Menabe da ke yammacin Madagaska masara da gyaɗa ne. A dajin miyombo na kudancin Afirka kuwa gawayi na cikin manyan abubuwan da ke cin itacen.

Amma abin da ke hana dajin farfaɗowa bayan an sare shi, wuta ce da ciyawa. Da zarar rana ta samu ƙasa, ciyawa ta rufe wurin. Da rani ta bushe, ta kama wuta, wutar ta kashe ƙananan bishiyoyi masu siririn ɓawo, ciyawar kuma ta tsiro daga saiwarta da ruwan farko. Kowace gobara tana ƙara cin gefen dajin da ya rage. A Guwanakaste ta Kosta Rika, wata ciyawar kiwo da aka kai daga Afirka tana kai tsayin mita 2. Da aka kori shanu daga gandun Santa Rosa a ƙarshen shekarun 1970 da niyyar kare shi, sai ciyawar ta rasa mai cin ta, gobara ta ƙara muni. Abin da ya dawo da dajin shi ne ma'aikatan kashe wuta da ke tsaye duk rani, tare da barin dabbobi daidai kima su rage ciyawar har bishiyoyi su yi inuwa. A 1999 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Saboda haka duk wanda zai gyara irin wannan wuri, da wuta zai fara. A share layin tare wuta tun ciyawa na da ɗan ɗanye, a ƙarshen damina, a kankare shi har ƙasa. Faɗinsa ya ninka tsayin ciyawar da ke gefe sau biyu zuwa uku, a ƙara faɗi a kan gangare da kuma ɓangaren da iskar rani ke fitowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara ciyawar da aka share a bakin layin, sai ta zama gadar da wuta za ta bi ta tsallaka.

Sannan a duba kututture kafin a yi tunanin dashe. Yawancin bishiyoyin wannan daji suna tohowa daga kututture ko saiwa, kuma tohon yana da tsohuwar saiwa mai zurfi da ke kai shi ga damshi, abin da ɗan dashe ba shi da shi. A zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. A kare su daga awaki har kansu ya wuce inda baki ke kaiwa.

Dashe yana da wurinsa, inda garma ta tumɓuke saiwa ko babu uwar bishiya kusa. Irin da iska ke ɗauka ba ya yin nisa da bakin daji, manyan 'ya'ya kuma sai da dabbar da za ta haɗiye su ta kai gaba, to inda aka farauce dabbobin dole mutum ya kai irin da hannunsa. Iri mai taurin ɓawo a kankare gefensa kaɗan, ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki. A dasa bayan ruwa ya zauna sosai. Ruwan farko yana yaudara: iri ya tsiro, a yi mako biyu ba ɗigo, duka su mutu. Wanda ya makara kuma, saiwar ba za ta yi zurfi ba kafin rani. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, a riƙa cire ciyawar da ke tsirowa kusa har shekara biyu ko uku.

Kasafin kuɗin da ya ƙare a ranar dashe asara ce. Albashin masu gadin wuta na rani biyar ya fi dubban 'yan dashe amfani, kuma gara a ɗauki masu gadin daga cikin manoma da makiyayan da ke gefen dajin, don su suka san daga wace gona wuta ke tashi da kuma wace rana.