Baƙar ƙasa ce ta cuce ni a gonar inabi

Jiya ɗan ƙanwata ya turo min hoton filin da zai saya ya dasa inabin giya, baƙar ƙasa a kwari, yana ta murna wai ko sanda ka kafa sai ta tsiro. Wallahi gabana sai da ya faɗi, irin filin da na saya kenan sak.

Ni ma lissafin da na yi kenan, wane manomi ne zai bar ƙasa mai taki ya hau tudun tsakuwa? Tudun na nan a gefe, na raina shi. Shekara 3 ina jiran ɗiban farko, kuringa ta yi ganye har ba ka ganin wayar da ta hau, nonon inabin ya ɓuya a inuwa, 'ya'yan manya-manya cike da ruwa. To launin jar giya da baurin nan nata daga fatar 'ya'yan suke fita, in ruwa ya rinjayi fata shi kenan. Mai matsewa ya kurɓa sau ɗaya ya ce min lami ce. Maimakon in gane sai na ƙara taki na ƙara ban ruwa, kun ji fa. Sannan iska mai sanyi da dare gangarowa take ta kwanta a kwari kamar ruwa, wata safiya na tarar da sabon tsiro ya yi baƙi, na maƙwabcina da ke tudu ko gezau. Ina cewa ba wanda ya faɗa min, amma gaskiya wani tsoho ya faɗa, ni ne ban ji ba, ko da yake shi ma da gatse ya faɗa, wa zai ɗauka?

Daga baya na san a Medok ta yankin Bordo a ƙasar Faransa kan tsakuwa suke dasa irin inabin da ake kira Cabernet Sauvignon, don ruwa ba ya kwanciya kuma dutse na riƙe zafi. A yankin Burgundi, shi ma a Faransa, irin inabin ɗaya ne, Pinot Noir, gangaren na kallon gabas, amma gona da gona katanga ce kawai tsakani kuma giyar ta bambanta.

Na so in jero muku shawara goma, kaɗan gare ni. Ku haƙa rami ya kai ƙugu, ku dawo bayan ruwan sama, in ruwa na tsaye ku bar filin. Ku guji laka. To ba duka ba, inabin Merlot na Pomerol, can a yankin Bordo, ai kan yumɓu yake, sai dai ku san irin da za ku dasa kafin ku biya kuɗi. Kuma ku je filin da asuba ku ji sanyinsa a jikinku, amma yaran yanzu ina, bidiyon minti biyu a waya sun gama zama gwanaye, haƙa rami ma wahala ce a wurinsu.

Na kira yaron sau biyu bai ɗauka ba. Gobe da asuba zan je gidansu da diga da shebur.