Littafin Kwanakin Boda

A ofishina akwai wani littafi mai baƙin bango wanda ba a rubuta kuɗi a cikinsa, sai kwanaki. Duk motar da ta tashi da kaya zuwa wata ƙasa, ina rubuta ranar da ta isa boda da ranar da aka ɗage mata sanda ta wuce, idan kuma ta kwana fiye da ɗaya sai in rubuta dalili a gefe. Kamfanina ƙarami ne, tirela 4 ce gare mu, da direbobi 5 da yaransu, da akawu ɗaya, da wani ma'aikaci da ke zaune a bakin iyaka yana bin takardu daga wannan taga zuwa waccan. Aikinmu shi ne dakon kayan masana'antu tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma, galibi katifu da bokitan roba da tukwanen alminiyam da fenti, tare da cika wa masu kayan takardun kwastam. Na buɗe littafin ne a 2011, bayan da na lura cewa tafiya biyu masu nisa ɗaya da lodi iri ɗaya, ɗaya takan kawo riba ɗaya ta kawo faɗuwa, kuma babu abin da ya bambanta su sai yawan kwanan da mota ta yi a tsaye.

Motar da ke tsaye tana cin kuɗi kamar wadda ke tafiya, man dizal kaɗai ne ba ta sha. Albashin direba yana tafiya, guzurinsa da na yaronsa yana tafiya, inshora tana ƙarewa, bankin da ya ba da bashin sayen motar ba ya tambayar ko tana gudu ko tana fake, filin ajiye motoci kuma kowane dare da kuɗinsa. Mafi zafi shi ne sawun da aka rasa, domin motar da ya kamata ta yi sawu uku a wata idan ta yi biyu, sulusin abin da za ta kawo ya tafi ke nan, kuma babu wanda za a kai ƙara. Shi ya sa idan na ji a rediyo shugabanni sun taru suna maganar haɗin kan tattalin arziki, nakan jawo littafin in ga ko maganar ta iso ƙasa.

Gaskiya ita ce wata ta iso. Tun da aka kafa ECOWAS a Legas a watan Mayun 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Eyadema na Togo, abin da ya fi kowane amfanar mai sana'a irin tawa shi ne yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wanda bai taɓa tura direba ƙasa uku a tafiya ɗaya ba ba zai san darajar wannan ba. Haka kuma katin inshorar mota na bai-ɗaya da aka amince da shi a 1982, wanda direbobi ke kira katin ECOWAS, ya raba mu da sayen sabuwar inshora a kowace iyaka, ko da yake idan hatsari ya faru a ƙasar waje karɓar diyya takan ɗauki lokacin da mai haƙuri kaɗai zai iya jira.

Inda aikin yake da gaske shi ne tsarin sassauta kasuwanci da ake kira ETLS, wanda aka fara a 1979 da amfanin gona da kayan sana'ar hannu, aka faɗaɗa shi zuwa kayan masana'antu a 1990. A ƙa'ida, kayan da aka sarrafa a wata ƙasar ƙungiyar suna shiga wata ba tare da kuɗin fito ba, amma sai masana'antar ta nemi amincewa a ƙasarta, an bincika an tabbatar kayan nata ne da gaske, ko dai ta hanyar cewa kashi 60 cikin 100 na ɗanyen kayan daga yankin suke, ko sarrafawar ta canza musu rukuni a jadawalin kwastam, ko ta ƙara musu daraja da aƙalla kashi 30 cikin 100. Daga nan sai a ba kowane irin kaya lambarsa, a sanar da sauran ƙasashe, kowane lodi kuma ya tashi da takardar shaidar asali. Dalilin wannan tsauri ba ɓoyayye ba ne, domin in ba haka ba sai mutum ya shigo da kwantena daga Sin, ya sake mata kwali, ya ce a nan aka yi.

Akwai wata tafiya da ba na mantawa da ita, wadda ta ci kwana 9 a littafin. Katifu muka ɗauka, takardu cikakku, mai kaya yana da amincewa. Direbana ya kira ni da magariba, ya ce: "Maigida, sun ce lambar da ke kan takardar ba ta cikin jerin da ke hannunsu." Na ce masa: "Malam, kada ka sauke tamfol, kada kuma ka sa hannu a kan komai sai na kira ka." Da muka bi diddigi sai muka gano cewa masana'antar ta samu amincewa a kan sabon samfurin katifa watanni kaɗan kafin nan, amma sanarwar ba ta kai tagar da ke wancan gefen ba, jami'in da ke wurin kuwa abin da ke gabansa yake dubawa. Zaɓi biyu aka ba mu, ko a biya kuɗin fito kamar kayan da suka zo daga wata nahiya, ko a jira. Mai kaya ya ce a jira, tunda ba motarsa ce ke tsaye ba. A kwana na shida aka yi ruwa mai ƙarfi, tamfol ya yoye ta baya, katifa 14 suka jiƙe, kuma ni na biya su. Tun daga ranar ba na ɗaukar kayan da ke da sabuwar lamba sai ma'aikacinmu na boda ya je da ƙafarsa ya ga lambar a jerin can.

Mutane sukan ɗauka kuɗin fito ne babban abin tsoronmu, alhali shi ne mafi sauƙi, domin ana iya lissafa shi. Tun daga Janairun 2015 ƙasashen ƙungiyar suka fara aiki da jadawali ɗaya kan kayan da ke shigowa daga waje, mai matakai biyar: 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin 100. Akawuna yana duba rukunin kaya ya faɗa wa mai su abin da zai biya tun kafin a yi lodi. Abin da ba ya lissafuwa shi ne yawan shingayen da za a tarar a hanya, da ranar da na'urar kwastam za ta ɗauke, da takardar da aka karɓa a watan jiya aka ƙi ta a wannan watan. Farashin da nake yanka wa mai kaya dole ya ɗauke wannan rashin tabbas, shi kuma ya ɗora a kan mai saye.

Mu ma masu motoci muna da namu laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙa'idar yankin ita ce kada nauyi ya wuce tan 11.5 a kan gatari guda, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, amma shekaru da yawa kowa lodi yake yi har sai mota ta durƙusa, ni ma na yi, da hujjar cewa sawu ya yi ƙaranci dole a cike gurbi da nauyi. Hanyar da muka farfasa da nauyin ita ce ta dawo tana cin tayoyinmu da sifirin. Da wasu ƙasashe suka fara ɗora motoci a sikeli da gaske, wasu kuma suka kau da kai, sai wanda ya bi doka ya zama mai tsada a kasuwa, har yau kuma wannan bai daidaita ba.

Shafukan da suka fi muni a littafin su ne na 2019 da 2020. A watan Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a taron Yamai, a watan Agusta kuma ta rufe iyakokinta na tudu, ba a sake buɗewa ba sai Disambar 2020. Na fahimci dalilin da aka bayar na fasa-ƙwauri, domin duk mai aiki a boda ya san ana yi, amma waɗanda suka tsaya cak su ne masu takarda da tirela, 'yan fito kuwa da baburansu suka ƙara samun kasuwa a hanyoyin daji. A lokacin na sayar da mota ɗaya na sallami direba biyu. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya har zuwa Fabrairun 2024, kayan Nijar da suka saba bin Kwatano suka koma Lome suna ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. A ranar 29 ga Janairun 2025 Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS, ƙungiyar ta koma ƙasa 12, ta kuma ce a ci gaba da karɓar fasfo da kayan ƙasashen uku a tsohon tsari har zuwa wani lokaci. Wannan "wani lokaci" ba a iya kai shi banki a karɓi bashin sabuwar mota da shi.

Sai maganar kuɗi. Ƙasa 8 suna amfani da sefa, wadda aka ɗaure da yuro, sauran kowa da nasa, naira da sidi da dalasi da makamantansu. Idan aka biya ni da kuɗin wata ƙasa, tsakanin ranar biya da ranar canji riba tana iya narkewa, don haka 'yan canji sun zama abokan aikina na dole. An daɗe ana alkawarin kuɗin bai-ɗaya mai suna Eco, an ɗaga ranar sau da yawa, ta baya-bayan nan ita ce 2027. Tsarin PAPSS da bankin Afreximbank ya ƙaddamar a Akara a Janairun 2022, wanda zai sa mai saye ya biya da kuɗin ƙasarsa mai sayarwa ya karɓa da nasa ba tare da bi ta dala ba, ya fi kama da abin da zai taɓa aljihuna nan kusa.

Akwai kuma abin da ko an buɗe kowace boda ba zai gyaru ba sai da masana'antu, wato dawowar mota fanko. Sau da yawa mukan kai kaya mu rasa na dawowa, domin maƙwabtan duk ɗanyen kaya suke fitarwa zuwa ƙetare, su sayo sarrafaffe daga can, babu abin da wannan zai sayar wa wancan da yawa. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi tsakaninsu, wanda ya shiga takarda, kusan kashi 15 cikin 100 ne na dukan cinikinsu, a Turai kuwa ya haura 60. Motar da ta dawo fanko mai kayan tafiya ne ke biyan man dawowarta. Da a ce masana'antar fenti a wannan ƙasa tana sayen gwangwani daga waccan, waccan kuma tana sayen roba daga wannan, da kuɗin dako ya sauka ba tare da an yi taro ko ɗaya ba.

Nakan tuna wa kaina cewa Turawa sun cire kuɗin fito a tsakaninsu a 1968, amma motocinsu ba su daina tsayuwar kwastam a iyaka ba sai Janairun 1993, shekara 25 ke nan a tsakani. Waccan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka da aka ƙulla a Kigali a 2018 a Janairun 2021 aka buɗe ciniki da ita, har yau kuwa ban ɗauki lodi ko ɗaya a ƙarƙashinta ba. Abin da na gani da idona shi ne ofishin haɗin gwiwa na Seme da Krake, a iyakar Najeriya da Benin, da aka buɗe a 2018, inda jami'an ƙasa biyu ke ƙarƙashin rufi ɗaya, da tsarin SIGMAT da ke aika bayanan kayan da ke ratsawa daga kwastam zuwa kwastam ta kwamfuta kafin mota ta iso. A hanyoyin da yake aiki, ranar da intanet ba ta ɗauke ba, na sha rubuta kwana ɗaya a wurin da na saba rubuta huɗu. Bana na ɗauki wani matashi mai jin Faransanci ya zauna kusa da akawu, domin rabin takardunmu da harshen suke zuwa, kuma aikinsa na farko kowace safiya shi ne ya kira direbobin da ke hanya ya tambaye su a wace taga suka kwana.