Ƙaramin yatsan da na danne

A ƙarshen watan nan zan bar ɗakin sikanin, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar ultrasound, bayan shekara shida, kuma abokan aiki sun nemi in rubuta wa waɗanda za su gaje ni wani abu game da duba gaɓɓan ƙafa a masu amosanin rumatoyid, cutar da ke kumbura gaɓɓai. Da na zauna rubutawa sai na tarar yawancin abin da na sani ya samo asali ne daga wata dattijuwa da na yi wa kuskure a shekarata ta biyu.

An turo ta wata safiya cikin hunturu, da takarda mai cewa ciwonta ya lafa bisa ma'aunin DAS28, sai dai tana kukan ƙafa. Kowa a sashenmu ya san ma'aunin nan gaɓɓai 28 yake ƙirgawa, na kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsun hannu da gwiwa, bai sauka ƙasa da gwiwa ba, alhali gindin yatsun ƙafa yana cikin wuraren da cutar ke fara ci. Ta ce mini, "Likita, ni sujada ce ta gagare ni, da na lanƙwasa yatsun nan sai in ji kamar a kan tsakuwa na ɗora su." Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, yanzu za mu gani." Cikin minti goma na gama, na rubuta cewa akwai ɗan kaurin tantanin gaɓa amma Dofla, saitin na'urar da ke nuna gudun jini da launi, bai nuna komai ba, saboda haka babu kumburi mai rai.

Kusan duk abin da na yi a minti goman nan ba daidai ba ne. Jel ɗin da na shafa ɗan kaɗan ne domin a lokacin tsimi ake yi mana, sai na danna kan na'urar a fata don hoton ya fito, ban san cewa jijiyoyin jinin da ke cikin tantani mai kumburi ƙanana ne ƙwarai ba, dannawa kaɗan ta isa ta matse su launin ya ɓace. Saitin Dofla kuwa yana nan yadda aka bar shi bayan duba manyan jijiyoyin cinya, ba zai kama jinin da ke tafiya a hankali ba. Ƙafarta sanyi ƙalau, da silifas ta shigo daga cikin iskar safiya, kuma sanyi kansa yana rage siginar. Ban tambaye ta magungunan da take sha ba, ashe tana sayen firedinisolon, maganin da ke danne kumburi, a kemis duk lokacin da ciwon ya matsa mata. Mafi muni, ta saman ƙafa kawai na duba, ban juya zuwa gefen waje na gaɓar ƙaramin yatsa ba, wurin da zaizayar ƙashi ta fi saurin bayyana.

Bisa rahotona aka rage mata metotireksat, maganin da take sha don cutar. Bayan wata tara ta dawo tana ɗingishi, kuma a wannan karon ramin da ke kan ƙashin ya fito sarai a tsaye da kuma a kwance, kamar yadda ƙa'idar ƙungiyar masana ta OMERACT ta 2005 ta shardanta kafin a kira shi zaizaya, launin Dofla ya cika fiye da rabin tantanin, wato mataki na 3, mafi tsanani. Kumburi yana sauka da magani, amma ƙashin da ya zaizaye da wuya ya koma yadda yake. Ba ta yi mini ƙorafi ba, addu'a ma ta yi mini, abin da ya fi zagi ciwo.

Shugaban sashe na lokacin ya haska hotunan biyu a bango ranar taron mako, a gaban ɗalibai, ya ce wannan misali ne na aikin gaggawa. Gaskiya ya faɗa, amma bai ambaci cewa sa hannunsa na ƙarƙashin nawa a rahoton ba, bai kuma ambaci cewa ƙaramin kan na'ura mai ƙarfin megahaz 18, wanda aka saya don irin waɗannan gaɓɓai, yana kulle a ofishinsa ba. Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe," na zauna. Shawarata ga matasa ita ce su riƙa rubuta kan na'urar da suka yi amfani da shi da saitinsa a jikin kowane rahoto, domin ranar tuhuma takarda ce kaɗai za ta tsaya musu.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kada a ɗora hukunci a kan babban yatsa, domin lafiyayyu ma ana samun ɗan ruwa a gaɓarsa, ciwon gaɓa na gawut da lalacewar guringuntsi ma can suka fi zama, shi ya sa ma'aunin gano cutar na 2010 ya cire shi daga lissafi. A duba jijiyar tsoka da ke bi ta bayan idon sawu na ciki, da tsakanin ƙasusuwan yatsu. Binciken ARCTIC na Norway da TaSER na Sikotilan, duka a 2016, ba su nuna cewa bin sikanin wajen daidaita magani ya fi kyakkyawan bibiyar likita ba, don haka hoto ba ya maye gurbin matsa ƙafar da hannu da sauraron mai ita.

Saitin da nake amfani da shi na rubuta a takarda na manna a gefen na'urar. Sau biyu ana cire ta da sunan tsafta, saboda haka na ajiye kwafi a durowa ta biyu, ƙarƙashin kwalin jel.