Yinin yau a Alƙahira, daga dala zuwa Azhar

Yau dai ƙanina ya ce ba zai yarda in koma gida ban ga dalar Fir'auna ba, don haka muna idar da Asuba muka sha shayi da gurasa da waken nan nasu da suke dafawa ya yi lugub, muka fita. Metro muka hau, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tun 1987 yake aiki kuma shi ne na farko a Afirka, har da taragon mata zalla a tsakiya wanda namiji bai isa ya leƙa ba. Muka sauka a Giza muka shiga ƙaramar bas, direba hon, na bayansa hon, mai tsallaka titi ma ko a jikinsa, wallahi mutanen garin nan ba su san jira ba.

A hoto za ka ɗauka dalar nan can tsakiyar sahara take, ashe a bakin gari take, gidaje da shaguna sun zo har kusa da ƙofar shiga. Babbar ita ce ta Fir'auna Khufu, shekara wajen 4,500 da ginawa, tsayinta na asali mita 146 amma yanzu ya ragu don ƙololuwar ta tafi, farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi kuma an kwashe an yi gine-gine da shi a cikin gari. An ƙiyasta duwatsun sun haura miliyan 2, na layin ƙasa kuwa guda ɗaya ya kawo min ƙirji, na tsaya ina ta tunanin yadda aka ɗaga su ba katafila ba komai. Ban shiga ciki ba. Tikitinsa daban ne, ga hanyar matsattsiya sai ka sunkuya, ƙanina ya ce in ka isa ɗakin ma wayam ne sai wani akwatin dutse da ba komai a ciki, na ce to a bar ni a waje.

Masu raƙuma kam sun dame mu. Wani ya biyo ni yana cewa hawa kyauta ne, ƙanina ya ja hannuna ya ce "Yaya hawa kyauta ne, sauka ce da kuɗi." Ni da ma raƙumi ba baƙona ba ne. Abul Haul kuma, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum wanda ba shi da hanci, bai kai girman da na zata ba, hoto biyu uku muka wuce.

Da azahar muka dawo cikin gari muka ci koshari, shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya a zuba miyar tumatir, da na gan shi raina shi na yi amma sai da na suɗe kwanon.

Gaskiya inda ya fi shiga raina masallacin Azhar ne. Fatimiyyawa, masu mulkin Masar a lokacin, suka fara gina shi a 970, kwamandansu Jauhar shi ya kafa birnin shi ya kafa masallacin, kuma har yau karatu ake yi a ciki, ba wurin ɗaukar hoto kawai ba ne. Tsakar masallacin farin marmara ne, ga ɗalibai zaune gungu-gungu sun kewaye malamai, 'yan Indonesiya, 'yan Malesiya, 'yan Senegal, wani yana hadda ya jingina da ginshiƙi wani kuma barci ya kwashe shi da littafi a ƙirji. Ina cikin kallo sai na ji Hausa a bayana, samari ne 'yan Nijar suna gardama a kan wata mas'ala ta nahawu, muka gaisa suna ta "Sannu da zuwa Baba", ɗaya ya tuna min cewa mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar nan, a da har ɓangare na musamman 'yan Barno suke da shi a Azhar, Mansa Musa ma ta garin nan ya bi a 1324 zai tafi Hajji. Na zauna har La'asar ban san lokaci ya tafi ba, dala minti arba'in ta ishe ni amma nan sai da ƙanina ya tashe ni.

Muka tsallaka kasuwar Khan Khalili, lunguna ne masu kama da Kasuwar Kurmi, turare, carbi, fitilun tagulla, jallabiyoyi. Kuɗin da mai shago ya fara faɗa kada ka ko kalle shi, ƙanina rabin rabi yake tayawa mu juya kamar za mu tafi sai a kira mu. Na sayi carbi da turare na tsaraba, jallabiyar kuma na fasa don a Kantin Kwari ma zan samu irinta ƙila da sauƙi.

Magariba a masallacin Husaini muka yi, cunkoso ba a magana. Wayata ta mutu tun a kasuwa don haka titin Mu'izz, tsohon titin nan mai gine-ginen tarihi, da daddare da fitilunsa ba ni da hoto ko ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu ganuwar Salahuddin da ƙabarin Imamu Shafi'i, amma na gaya wa yaron nan tasi za mu hau, ni da ƙaramar bas ɗin nan mun gama.