Mutum nawa ne za su kwana?

Shekaruna na farko a ofishinmu na tafiye-tafiye a Sakkwato, tikiti da bizar Umara kawai na sani. Aiki ne mai gajiyarwa, musamman idan azumi ya gabato, amma hanyarsa a share take. Otal yana nan, mota tana nan, mai tafiya ya san abin da zai tarar, in ma bai sani ba maƙwabcinsa da ya je bara zai gaya masa. Ban taɓa kawo wa raina cewa zan nemi gidan katako a gindin dutsen ƙanƙara ba, sai ranar da maigidanmu ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan kasuwa, ya ce in ji da shi.

Ɗansa na karatu a Jamus. Alhaji yana so ya kai iyali su gan shi, su kuma ga dusar ƙanƙara da idonsu. Otal ne ba ya so, domin Hajiya ba za ta sake ba, yara kuma ba sa cin abincin da ba ta sa wa hannu ba. Gida yake so sukutum, da madafa, su ja ƙofa ya zama nasu har mako guda. Na zaɓi wani ƙauye kusa da Zell am See a Ostiriya, saboda Larabawan Saudiyya da Kuwait da Daular Larabawa sun daɗe suna zuwa hutu garin, har an sami gidajen abincin halal. A tallan gidan an rubuta mutum shida. Fasfo shida ne a kan teburina. Na biya, na ɗauka aiki ya ƙare.

Su tara suka tsaya a bakin ƙofa. Ɗan ya taho daga Jamus da matarsa da jaririnsu, kamar yadda kowane ɗa zai yi in iyayensa sun keto hamada da teku don su gan shi. Matar da ke da gidan, wadda ke zaune a ginin gefe, ta ce ba zai yiwu ba. Daga baya na gane ba rowa ba ce. A can doka ta wajabta a rubuta sunan kowane baƙo a takarda, ana biyan harajin kwana bisa yawan mutane, kuma adadin da aka amince wa gida yana ɗaure da inshorarsa da ƙa'idar gobara. In ta ƙara mutum uku wani abu ya faru, ita za a kama. A daren nan, cikin sanyin da ba su taɓa jin irinsa ba, aka nema wa ɗan da iyalinsa ɗaki a wani ƙauyen. Alhaji ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, mi yah hana ka hwaɗa mani tun muna gida?" Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Ba ni da wata amsa.

Na daɗe ina juya abin a raina, domin na ga lambar nan ta shida, kuma zuciyata ta raya mini in tambaya. Nauyi na ji. A wurinmu ba a zaunar da dattijo a ce ya ƙirga iyalinsa, ba a kuma tambayar wa da wa za su kwana, tun da gida ba ya yi wa nasa kaɗan. In gado ya ƙare a shimfiɗa tabarma, in tabarma ta ƙare shimfiɗar fuska ta wadatar. Wannan tarbiyya ce da nake alfahari da ita, ba zan so 'ya'yana su tashi ba ita ba. Amma a ranar, kunyar da na ji ta minti ɗaya ita ta sa jariri ya kwana nesa da kakarsa bayan dubban kilomitocin da ta yi don ta goya shi. Tun daga nan na fahimci cewa a wannan aikin ladabi shi ne in yi tambayar, cikin rusunawa da zaɓen kalma, amma in yi ta.

Tambayoyi masu nauyi kuwa ba ɗaya ba ne. Wanda ya fi wuya a bakina shi ne batun banɗaki. Yawancin gidajen karkara a Turai ba su da rariya a ƙasan banɗaki, wasu ma katako ne a ƙarƙashin daɓen. Mu kuwa mutanen buta ne, da tsarki da alwala sau biyar. Iyali na biyu da na tura, wannan karon wani gidan gona a Faransa, sun yi amfani da ruwa yadda suka saba, ya bi ta ƙasa ya ɓata silin ɗakin da ke ƙarƙashi, aka cire gyaran daga kuɗin ajiyar da ake riƙewa har sai an duba gida. Ba su yi ganganci ba, ba wanda ya gaya musu. Haka turaren wuta: kasko ɗaya a gidan katako ya isa ya tayar da ƙararrawar gobara, ko ma ya jawo abin da ya fi haka. Yanzu abokiyar aikina ce ke zama da uwargida ta yi mata bayanin nan mace da mace, a yi alwala cikin bahon wanka, a bar kasko a gida a ɗauki humra. Wannan ma wani darasi ne da na makara kafin in koya. Alhaji ke biyan kuɗi, amma Hajiya ce za ta riƙe gidan, don haka ita ya kamata ta ga hoton madafar, ta san murhun na lantarki ne, ta san girman tukwanen da ke ciki.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi shi ne gidajen nan na mutane ne. Ƙungiyar Gîtes de France, wadda aka kafa a 1955, an yi ta ne don manoma da mutanen ƙauye su gyara tsoffin gine-ginensu su sami ɗan abin shiga, kada karkara ta watse. Maimakon taurari irin na otal, da zangarniyar alkama suke auna darajar gida, daga 1 zuwa 5. Sau da yawa gidan na kakan mai shi ne, kwanukan da ke kan kanta na uwarsa ne. Ba ma'aikaci mai gyara gado, wani lokaci zanen gado da tawul ma sai ka biya daban, shara kuma kai za ka rarraba ta: takarda gefe, kwalba gefe, ragowar abinci gefe. A Jamus da Ostiriya da Suwizalan, daga ƙarfe 10 na dare maƙwabta na sa ran shiru, daidai lokacin da hirarmu ke fara daɗi. Idan na tura iyali, amana biyu ke wuyana, tasu da ta mai gidan, kuma abin da suka bari a baya shi zai sa a buɗe wa ɗan Najeriya na gaba ƙofa ko a yi shiru da saƙonsa.

Cikin ƙananan abubuwa, abinci ya fi ba ni aiki. Haya a wuraren nan galibi daga Asabar zuwa Asabar ce, ana ba da makulli da la'asar. Wanda ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, ya kwana a sama zuwa Frankfurt ko Paris, ya hau jirgin ƙasa, zai isa a gajiye liƙis, washegari kuma Lahadi ce, yawancin shaguna a Jamus da Ostiriya a rufe suke. Ba kuma za a ce guzuri zai cece su ba, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, ke nan kilishi da dambun nama da man shanu duk ba su wucewa. Sai na riƙa rubuta musu shagon da za su tsaya kafin su karɓi makulli.

Zamiyar ƙanƙara kuwa ta koya mini in tambayi mutum abin da yake nufi, ba abin da ya faɗa kawai ba. Mutanenmu sun fi jin marmarin sanyi a Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, alhali a lokacin dusar ƙauyukan ƙasa-ƙasa ta narke, sai wurare masu tsayi irin Val Thorens na Faransa da ke mita 2,300 sama da teku, wanda kan kai farkon Mayu. A Fabrairu akwai dusa, amma hutun makarantun Faransa ne, haya na tashi. Sannan gidan ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, akwai tikitin kujerun igiya masu hawa da mutum kan dutse, da hayar takalmi da sanduna da hular kwano, da ladan mai koyarwa. Inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da ake nema don bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai sau da yawa ba ta haɗa da raunin zamiya ba, a Faransa kuma ɗauko wanda ya karye daga kan dutse ba kyauta ba ne. Da na fara zama da mutane ina tambaya a tsanake, sai na ga yawancinsu ba zamiyar suke so ba. So suke yara su damƙi dusa a hannu, a yi hoto, a sha shayi ana kallon tsauni. Irin waɗannan gidan kwari kusa da tashar jirgin ƙasa ya fi musu, in ya so rana ɗaya su hau dutsen Kitzsteinhorn daga Kaprun a Ostiriya, ko dutsen Aiguille du Midi daga Chamonix a Faransa, garin da aka fara gasar Olamfik ta hunturu a 1924. Wannan na biyun yana kai mutum mita 3,842, Sakkwato kuwa kusan 300 take, don haka sai in sake yin wata tambaya mai nauyi: Baba yana da hawan jini? A ga likita tukuna. Tuƙi kuma ba na ba da shawararsa ga wanda bai taɓa taka birki a kan ƙanƙara ba. Faransa ma ta wajabta tayar hunturu ko sarƙa a yankunan tsaunuka daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Yawon keke ya fi kwanta mini a rai, watakila don da keke na yi makaranta. Wasu abokai matasa, ma'aikata, suka zo suna son hanyar kogin Danube daga Passau ta Jamus zuwa Biyana ta Ostiriya, wajen kilomita 320, shimfiɗaɗɗiya, tana bin gangaren ruwa. Abu na farko da na gaya musu shi ne gida ɗaya bai dace da wannan tafiyar ba, tun da kullum a sabon gari za su kwana. In gida suke so, gara wuri irin Holan ko kwarin Loire a Faransa, a fita da safe a zaga a dawo. Na biyu, na tambayi kowannensu yaushe rabonsa da keke. Duk sun ce sun iya, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai tun kafin kabu-kabu ya cika garin nan ne. Kilomita 50 a rana har kwana shida ba zuwa kasuwa ba ne. Suka yarda suka riƙa fita bayan Asuba ta hanyar Dundaye har 'yan makonni, biyu daga ciki kuma na nema musu keke mai batir. Na tambayi masu masauki ko akwai ɗakin kulle keke. Na kuma buga musu lokutan salla, domin a Yuni rana kan kai wajen 10 na dare ba ta faɗi ba a Holan, a Disamba kuwa kafin 5 Magariba ta yi a tsaunukan Alps. Alƙibla ma ba gabas ɗin da muka saba ba ce, daga can kudu maso gabas ake fuskanta.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba. Bayan an saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, wanda ya ba da kafin alƙalami da tsohon farashi ya tarar da cikon ya ninka a hannunsa. Biza kuma ba ta da tabbas, kuɗinta ya koma Yuro 90 a Yunin 2024, in an hana ba a mayarwa. Don haka ba na kama gidan da ba a iya fasawa sai biza ta fito, ba na kuma biyan kowa a wajen dandalin da na ga tallan, ko Airbnb ne ko Booking.com, komai rangwamen da ya yi alkawari. Akwai waɗanda na gaya wa kai tsaye cewa bana ba shekararsu ba ce, akwai kuma waɗanda suka so takardar gida kawai don su sami biza, ba niyyar kwana a ciki. Waɗannan na ba su haƙuri. Na rasa la'ada, na kuma kwana lafiya.

Alhaji bai daina hulɗa da mu ba, alherinsa ne. Ya yi Umara biyu ta hannunmu bai sake tayar da zancen ba. Kwanakin baya ya shigo da hantsi, muka gaisa, na durƙusa na karɓi hannunsa. Ya ce wannan karon bazarar can yake so, gidan gona mai fili inda jikoki za su yi guje-guje. Ina shirin fara zagaye-zagayen da na saba kafin in kai ga tambayar, sai ya zaro takarda daga aljihun gaban riga ya ajiye mini. Sunaye goma sha ɗaya ne da rubutun hannunsa, kowa da shekarunsa, har da wanda zai taho daga Jamus. Ta ƙarshe a jerin jaririya ce da aka raɗa wa suna makonni uku da suka wuce, ko fasfo ba a yi mata ba tukuna. Da nata muka fara.