Na je Kingston neman littattafan tarihin masu kayan sauti

Duk wanda zai je Jamaika don littattafan da suka yi bayanin yadda harkar manyan lasifikun kan titi ta faro, to ya sayi abin da zai iya saya tun daga Landan. Wannan ne abu na farko da tafiyar ta koya mini. A filin jirgin da na yada zango wani jami'i ya zazzage jakata, ya yi ta jujjuya littattafan da ke ciki yana magana a gadarance, amma duk da haka gara wahalar ɗauko su da tsadar da na tarar a Kingston. Yawancinsu a Ingila da Amurka aka buga su, sai an shigo da su, kuɗin jirgi da haraji duk a kan mai saye. Mu a Kano mun saba a yi ciniki a kan komai, can kuwa kantin littattafai farashi ɗaya ne, ba ragi. A wajen masu tsofaffin littattafai na bakin titi kaɗai na samu sauƙi, inda na tsinci tsofaffin mujallun Jamaica Journal a araha.

Littattafai uku ne ginshiƙi. Bass Culture na Lloyd Bradley, wanda ya fito a 2000, ya fi daɗin karatu, sai dai ya jingina sosai da bakin Prince Buster, mawaƙi kuma mai kayan sauti, wanda shi ma ɗan takara ne a rigingimun masu kayan da ake ba da labari. Wake the Town and Tell the People na Norman Stolzoff, shi ma na 2000, ya fi tsari, kuma ya zauna da mutanen farko irin su Hedley Jones. Solid Foundation na David Katz, na 2003, hirarraki ne zalla. A haɗa su a karanta, domin shekarun da suke bayarwa kan saɓa wa juna. Tsofaffi ne suke tuno abin da ya wuce shekara arba'in, kowa kuma yana son a ce shi ne na farko.

Maganin wannan saɓani yana ɗakin karatu na ƙasa da ke East Street. A nemi tsofaffin jaridun Gleaner da Star na shekarun 1950, a bar labarai, a duba tallace-tallacen rawa. Nan ake ganin sunan mai kaya, da wurin, da ranar, kamar Forresters Hall da ke North Street ko Chocomo Lawn. Ma'aikatan sun yi mini kirki ƙwarai. A tafi da fensir da jerin shekarun da ake so, in ba haka ba yini zai ƙare ba a tsinana komai ba.

Abin da ya fi damuna da littattafan shi ne sun cika shafuka da masu kayan, wato Tom Wong mai kayan sautin da ake kira Tom the Great Sebastian, da Duke Reid tsohon ɗan sanda, da Coxsone Dodd, suka taƙaita a kan masu haɗa kayan. Alhali Hedley Jones, wanda ya koyi aikin rada a rundunar sojan saman Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ya haɗa amfilifaya a 1947 mai raba sauti kashi uku: mai kauri, matsakaici da siriri. Kafin nan kayan shela ake amfani da su, waɗanda aka yi don murya, in aka ɗora musu kiɗa sai su shaƙe.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a kusa da Orange Street ya cike mini wannan giɓi. Na ce, "Baba, me ya fi kashe irin waɗannan amfilifayoyi?" Ya jawo wata tsohuwa mai kwalaben bawul ya kifa ta, ya nuna mini taransifomar fitar da sauti. Ya ce in aka kunna ba a jona lasifika ba, ko waya ta tsinke ana tsakar rawa, ita ke fara ƙonewa. In kuma aka jera lasifiku barkatai ba a lissafa nauyinsu ba, bawul ya yi ja ya mutu. Ya ce akwatunan sauti mai kauri a ƙasa ake girke su, ƙahonin ƙarfe kuma a rataye a bishiya don su kira mutanen nesa. Ya kuma tuna mini cewa wutar lantarkinsu mai zagaye 50 a daƙiƙa ce, ta Amurka 60, don haka garmahon da aka sayo can sai an canza masa sandar injin da ke juya faifai, in ba haka ba faifai ya riƙa jan ƙafa. Ya ba ni shayi da burodi, ya ƙi karɓar ko sisi. Masu kiɗan biki na gida da ke ƙona lasifika duk mako, da sun zauna da irinsa da sun huta.

A shagonsa na ga faifai da aka kankare sunansa da reza. Haka masu kayan suke yi don kada abokin hamayya ya gane waƙar ya sayo tasa, kamar yadda Coxsone ya ɓoye wani kiɗan R&B na Ba'amurke Willis Jackson shekaru yana kiransa da sunan kansa. Da rokanrol ya kori irin wannan kiɗa a Amurka faifan suka yi wuya, sai suka koma ɗaukar nasu a sutudiyon Federal na Ken Khouri.

Na leƙa Bond Street inda shagon Duke Reid, Treasure Isle, yake a da, da titin Studio One, sutudiyon Coxsone, wanda aka sauya wa suna daga Brentford Road a 2004. Tasi na da tsada, a yi ciniki kafin a shiga. Makarantar Alpha da ke South Camp Road, wadda ta horar da makaɗan Jamaika da yawa, ta cancanci a ba ta rabin yini.